Gayyar da Falwaya Ta Cinye

Ruwan farko na bana ya sauka ranar wata Laraba da yamma, kuma a makon ne wasu mutane masu jar hular kwano suka fara haƙa dogon rami a gefen titin da ya taso daga Kafanchan ya ratsa ƙauyenmu. Na ajiye kwandona na tambayi ɗayansu ko ruwan famfo za a kawo. Ya ce a'a Mama, intanet ne, mai arha, har tsohuwa irina za ta riƙa ganin jikokinta a waya ba sai ta hau tudun bayan makaranta neman sabis ba. Na ce Allah ya sa. Da gaske kuwa nake, don ni ma gwiwata ta gaji da wannan tudun.

Sai ran Lahadi bayan sujada sakataren majami'a ya miƙe ya karanta sanarwa, wai ana roƙon kowane gida ya ba da mutum ɗaya a taya haƙa inda ramin zai bi ta cikin gari, tunda abin namu ne. A watan Afrilu fa. Ƙasa ta jiƙe, kowa ya yanka irin cittarsa yana jiran shuka. Bakina ya yi ɗaci har na kasa amsa waƙar rufewa. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka ciwon ƙirjina ne ya tashi, ta fara yi mini fifita da littafin waƙa. Ba ƙirji ba ne. Wata damina ce ta dawo mini, wadda na yi shekara talatin da ɗoriya ina tsammanin na haɗiye ta.

Zamanin soja ne, farkon shekarun casa'in. Maigidana Dauda yana aikin gyaran layin dogo, an tura shi can wajen Fatakwal, sai Kirsimeti muke ganinsa, ita ma ba kowacce ba. Ya bar ni da yara uku ƙanana, da mahaifiyarsa wadda duk gari ke kira Kaka, da gonar citta. Abin da yake aikowa ba ya wuce na sabulu da gishiri. Citta ce ke riƙe da gidan. A tona ta a Disamba, a tsaga, a shanya, a kai wa Malam Inuwa da gidansu ke sayen kayan gona a bakin kasuwa tun zamanin kakansa, a dawo da dawa da manja da rigunan makaranta. Irin cittarmu wanda ake kira tafin giwa ne, mai kauri, mai ruwan ƙwai in an karya. Kaka ce ta zo da shi daga gidan ubanta ranar da aka kawo ta amarya, kuma tun daga nan bai taɓa yankewa a gidan ba. A wannan shekarar daro tara muke da shi. Na binne shi tun rani a gindin mangwaro, na rufe da ciyawa, ina yayyafa masa ruwan da na ɗauko a kaina daga rafi.

Citta ba ta da haƙuri. In ka yanka irin gunduwa-gunduwa, kowacce da idonta, kwana uku ko huɗu ke gare ka. A huɗe ƙasa ta yi laushi, a shuka, a rufe da ɗanyen ganye a ranar, rufi mai kauri wanda ƙafa ke nitsewa a ciki. In ba rufi, rana ta gasa ta, ruwan sama ya daddaɓe ƙasar ko ya kwashe ta gaba ɗaya. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, shi ya sa muke gayya. Maza ashirin da biyu ne da garemaninsu, mata kuma mu shiga daji mu saro ganye mu ɗauko a ka. Yau gonar wane, gobe ta wane. Baba Ayuba ne sarkin gayya, dattijon ikilisiya kuma ƙanen baban maigidana, shi ke tsara wanda zai fara da wanda zai bi. Gidan da ba namiji shi ne na ƙarshe, kuma matar gidan dami biyu take ɗauka inda sauran ke ɗaukar ɗaya, a madadin garmar mijinta. Mako uku na yi ina jidar ganyen mutane har gashin tsakiyar kaina ya zube.

Gayya tana da doka guda. In an taɓa ƙasar gonarka da ƙarfe, aka kuma ci abincinka a bakin gonar, to ranarka ta wuce, an gama aikin ko ba a gama ba. An ce dā can wani mai wayo ne ya riƙa faɗaɗa gonarsa a ɓoye yana kiran mutane sau biyu, shi ne dattawa suka yanke haka. Kowa ya san dokar. Ni ma na san ta sarai.

Ranata Alhamis ce. Tun Litinin ni da Kaka muka baje tabarma muka hau yanka iri. Ƙamshin ya cika gidan, yatsunmu suna raɗaɗi, yara suna atishawa. Na fito da waken da na ɓoye a bayan rumbu, da acca, da riɗi, da manja kwalba biyu, na jiƙa dawar kunu, na sa aka kama zakaran da ya fi girma. Abincin da zai kai mu tsakiyar damina ke nan, amma haka kowa ke yi, don in gayya ta ci ta ƙoshi garma nitsewa take yi.

Laraba da la'asar sai ga akori-kura, a bayanta wata babbar mota ɗauke da dogayen itatuwa baƙaƙe masu warin kwalta. Kansilanmu ya sauko tare da wani mai babban tumbi da suke kira injiniya. Aka buga ƙararrawa, gari ya taru. Kansila ya ce gwamnati ta tuna da mu, za a kawo mana wayar tarho, mutum zai tsaya nan ƙauyen ya yi magana da wanda ke Legas kamar suna zaure ɗaya. Amma babban baƙo zai zo daga Kaduna ran Asabar ya buɗe, dole itatuwan nan, falwaya arba'in, su tsaya kafin nan. Haƙar ramuka tamu ce, gudummawar al'umma. Abincin masu haƙa kuwa kada kowa ya damu, shi zai kawo da kansa.

Ba zan ɓoye ba, na fi kowa tafi a wurin. Wasiƙa tsakanina da Dauda sai ta yi wata biyu a aljihun wani ma'aikacin jirgi kafin ta isa. Lokacin da autarmu ta yi baƙon dauro, ta kwanta, ta kusa tafiya, ta warke, har tabon ya baje, ubanta bai sani ba. Ina tsaye cikin taron ina hango kaina da abin a kunne ina ce masa, “Ni ce, Rifkatu.”

Kafin magariba Baba Ayuba ya biyo ta gida ya ce gayyata ta koma Litinin. Na ce Baba, wake ya jiƙa, an niƙa kunu an tace, zakara yana kwance a fige, iri kuma yau kwanansa uku da yanka. Ya ce in yi haƙuri, umarnin dagaci ne, kwana huɗu ba za su kashe citta ba in na rufe ta da jiƙaƙƙen buhu. Da ya fita Kaka ta jawo ni kusa da ita.

“Ki dafa,” ta ce, “yara su ci, ki aika wa maƙwabta gida-gida, sauran waken ki shanya. Amma kada tukunya ɗaya ta fita ƙofar nan ta nufi gona. Kin ji ni?”

Na ce na ji.

Alhamis ta waye da wani irin zafi mai ɗaure numfashi, sama fari fat, ko ganye ba ya motsi. Injiniya ya kakkafa turaku tun daga bakin titi, ta bayan kasuwa, suka ratsa gonaki, biyar daga cikinsu suka faɗo a saman gonata. Ƙasar wajen marmara ce, in diga ta sauka har tartsatsi take yi. Maza suka fara tun sassafe. Kansila ya ce bari ya leƙa Kafanchan ya kawo burodi da shinkafa, motarsa ta ba mu baya, shi ke nan. Wajen ƙarfe ɗaya na leƙa gona in ga ɓarnar da suke mini, na tarar sun iso kan turakun gonata. Wani ya yanke jiki ya faɗi ana zuba masa ruwa, biyu suna zage-zage a kan shebur, wasu sun fara saɓa diga a kafaɗa za su tafi. Injiniya yana zaune a inuwar ɗorawata yana fifita da takarda. Ya ce shi bai da matsala, in ramuka ba su ƙare yau ba, gobe mota ta kwashe falwayan ta kai ƙauyen da ke son ci gaba.

A gida kuwa tukwane cike suke har baki. Kaka ta ɗan kishingiɗa, barcin rana ya ɗauke ta. Na tsaya a tsakar gida ina gaya wa kaina cewa wannan aikin gwamnati ne, ba gayya ba, kuma ina ruwan dokar gayya da gwamnati. Na naɗa gammo. Sawu uku na yi.

Har yau in na rufe ido ina ganin cin da suka yi. Wake da riɗi, manja yana bin hannu har gwiwa. Faten acca suka riƙa kurɓa daga bakin kwano. Baba Ayuba ya ɗauki ƙundun zakaran, haƙƙin babba, ya tauna a hankali yana sa mini albarka. Fasto ma ya zo duba aiki, aka miƙa masa cinya. Injiniya ya ci, ya nemi ƙari, ya kuma sa aka ƙunsa masa wani a leda. Ƙarfi ya dawo musu, aka tayar da waƙa, kafin rana ta faɗi ramuka arba'in sun ƙare. Na dawo da tukwane wayam ina jin kaina kamar na yi wa gari abin kirki. Kaka tana zaune a ƙofa. Ta dubi tukwanen, ta dube ni, ta tambaye ni a ina suka ci. Na ce a gindin ɗorawa. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Jumma'a aka tayar da falwaya. Asabar babban baƙo ya zo, 'yan makaranta suka yi rawa, mu zumuntar mata muka sa anko muka rera waƙa. An ɗora wani baƙin tarho a kan tebur mai farin ƙyalle, igiyarsa ta hau falwaya ta farko. Baƙon ya ɗaga, ya yi dogon Turanci, ya saurara, ya ƙyalƙyale da dariya, ya ajiye, muka yi ta guɗa. Da taro ya fara watsewa na matsa wurin injiniya na tambaye shi yaushe talaka zai iya kiran Fatakwal. Ya ce saura ɗan gyara kaɗan, Madam. Yana maganar ne yana naɗe tarhon a cikin ƙyallen. Da yamma zan je rafi na ɗaga kai na bi wayar da ido. Ta bi falwaya ta ɗaya, ta biyu, har ta bakwai. A nan aka nannaɗe ta aka ƙulle, yadda ake ɗaure akuya a turke. Daga ta takwas zuwa ta arba'in itace ne tsirara. Da wa mutumin nan ya yi dariya, ban sani ba har gobe.

Litinin tun asuba na kwashe daro tara na kai bakin gona na zauna. Rana ta fito. Ta ɗaga. Tsuntsaye kawai ke sauka kan sababbin falwaya. Na tashi na nemi Baba Ayuba, na same shi a gonarsa yana shuka masara. Ko miƙewa bai yi ba.

“'Yata, an taɓa ƙasar gonarki da ƙarfe ran Alhamis, ko ba a taɓa ba?”

“Ramin falwaya ne, Baba.”

“Doka ba ta ce ramin mene ne ba. An ci abincinki a bakin gonar?”

Ya jefa masara a rami ya take, ya ci gaba.

“To ba ni na kafa ta ba. In na karya miki yau, gobe kowa ya zo.”

Ni da shi duk mun san ba doka ce ta hana su zuwa ba. An cinye musu kwana uku a tsakiyar shuka, kowa masararsa ta makara, sai ga ƙofar fita a buɗe, ni da kaina na buɗe musu. Kansila da injiniya ban ɗauke su a bakin komai ba, dama baƙi ne ga wahalarmu, sun zo sun yi abin da suka saba. Abin da ya tsaya mini a wuya maza ashirin da biyu ne da na yi wa jidar ganye, waɗanda muke cin jibin Ubangiji tare, amma aka rasa ɗaya da zai ce wannan ba daidai ba ne. In mun haɗu a hanya sai mutum ya tsugunna yana gyara takalmin da bai lalace ba. Na je wurin Fasto, ya karanta mini aya a kan jimiri ya yi mini addu'a. Ina durƙushe ina tuna cinyar zakarana. Tir. Mata huɗu na zumunta ne kaɗai suka ɗauko mini ganye wata safiya suka ajiye suka juya da sauri, Allah ya saka musu.

Na ɗauki garmar Dauda. Ta yi mini nauyi, in na ɗaga ta sau goma sai na ga taurari. Ina huɗa, Kaka tana biye da ni a kan 'yar kujera tana jan ta gaba tana shukawa, da yamma in shiga daji saran ganye. Abin da gayya ke gamawa kafin la'asar, mu kwana goma sha shida muna kai. Irin kuwa yana cikin daro yana jira. Ƙamshinsa ya fara juyawa, daga yaji ya koma tsami. In na ɗaga buhun da safe sai in ga farar fumfuna ta hau, in na matsa gunduwa ta fashe a hannuna ta yi ruwa. Kullum sai mun zauna mun tsince mun zubar a bola, ko akuya ba ta shinshinawa. Kaka ba ta taɓa ce mini “na gaya miki” ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

A rana ta goma sha ɗaya hadari ya taso daga gabas da tsakar rana, baƙi ƙirin, da iska mai sanyi a gaba. Rabin abin da muka shuka ba rufi. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Hanyar da maza suka tattake da ƙafa suna jan falwaya ta zama magudana, ta tattaro ruwan saman tudu duka ta juye mini a gona. Ina gani jar ƙasa tana tafiya, cittar tana birgima a kanta tana nufar rafi. Na bi ta da daro, ba takalmi, ina zamewa ina tashi, ina tsinta a cikin laka. Da ruwan ya ɗauke gonar ta tsage gida biyu, falwaya biyu sun karkata suna kallon juna, ni kuma ina riƙe da abin da bai cika ƙwarya ba.

Yunwa ta zo da wuri. Kafin Yuli ya yi nisa ina share ƙasan rumbu da tsintsiya. Ruwa ba ya ɗaukewa, itace ba ya kamawa, ɗaki yana warin danshi, zanin da ka wanke sai ya kwana uku bai bushe ba. Rama muke dafawa da ɗan ƙuli in an samu, in babu da gishiri. Muka tona rogon da bai ƙosa ba, siriri, mai ɗaci. Kunu ya koma ruwa har kana ganin ƙasan kofi. Yara suka daina wasa, suka koma zama a bakin murhu suna kallon tukunya ko ba komai a kanta. Kaka ta ce ita cikinta ba ya son abincin rana, kuma na san ƙarya take yi, amma na karɓi rabonta na raba musu. Gara ta fara hawan falwaya, masu tallar magani suka fara manna takarda a jikinsu.

A cikin Agusta wasiƙar Dauda ta iso, ta jiƙe a gefe. Ya ce yana fata gayya ta yi kyau, tafin giwa ya cika gona. Ya ce wani ɗan garinmu ya gaya masa an buɗe tarho a ƙauye, abokan aikinsa sun yi ta mamaki, shi kuwa kansa ya yi girma. A ƙasa ya ja layi biyu: in aiko masa da lambar. Na karanta wa Kaka har zuwa wajen gayya na tsaya. Na ba shi amsa cewa muna lafiya, yara suna gaishe shi.

Disamba ganyen citta ya yi rawaya ya kwanta. Gonakin mutane ana tona ana tarawa tsibi-tsibi, ƙamshi ya cika gari, ko'ina ka bi mata ne zaune suna tsagawa suna shanya a kan duwatsu. Ni yini ɗaya ya ishe ni. Daro tara na yanka, daro uku na tona, biyu ƙanana ne masu jijiya, su na kai wa Malam Inuwa na karɓo dawa. Ɗaya ne mai kyau, mai idanu. Kaka ta zaɓe shi da hannunta gunduwa-gunduwa, ta ce wannan ko wuta ta kama gidan a fara fitar da shi. Ta ce daro ɗaya in an bi shi da kyau, shekara uku zai mayar da tara.

Bayan sabuwar shekara babbar motar nan ta dawo. Wai an sake taswira, layin zai bi ta wata hanya, za a kwashe falwayan. Daga baya muka ji wani ƙauye ne can wajen Gwantu za a yi wa bikin buɗe tarho. Dagaci ya ce tunda kayan gwamnati ne, mu da muka kafa mu za mu tumɓuke, kowane gida namiji ɗaya, gidan da ba namiji ya ba da abinci, wanda ya ƙi a cire shi daga gayya. Baba Ayuba ne ya kawo mini saƙon. Ya zauna a kan turmi yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce injiniya da kansa ya tambayi matar nan mai wake da riɗi. Ya ce kuma dattawa sun duba abin da ya faru bara, sun ga an ɗan matsa mini, don haka bana ni ce ta farko a gayya.

Na so in watsa masa ruwan wanke-wanke. Allah ya sani na so. Amma na tuna nauyin garmar Dauda, na tuna kwana goma sha shida. Macen da aka cire daga gayya ta gama noman citta. A gidan kuma ba wake, ba manja, ba abin da wani zai karɓa a ba ni su, sai abu ɗaya. Na jira Kaka ta tafi gaisuwar rasuwa, na tona gindin mangwaro na raba daron biyu.

Malam Inuwa ya juya gunduwa ɗaya a hannunsa, ya karya, ya shinshina, ya dube ni.

“Maman yara, wannan ai iri ne. Ba na ci ba ne.”

Na ce na sani. Ya auna mini wake ya yi tozo, ya ƙara da kwalbar manja da ban roƙa ba. Na dafa. Suka ci, suka yaba, suka loda falwayansu suka tafi, suka bar mini ramuka biyar a gona. Kaka ta gane a ranar, don ta ga ciyawar ramin an taɓa. Abin da ta ce kawai shi ne ubanta da yana raye da ya tofa mata yawu. Sauran ranin na yi shi ina tsaga cittar mutane ana ba ni dawa mudu-mudu, ita na tara don abincin gayyata. Rabin daron da ya rage kuma zafin Maris ya ɗebi rabonsa.

Ruwan farko ya sauka, aka sa mini rana, ta farko kamar yadda suka yi alkawari. Tun gari bai gama wayewa ba suka iso, maza ashirin da biyu da garemani a kafaɗa, mata a baya da damman ganye, suna waƙa, kowa yana gaishe ni da fara'a fiye da kima. Na ajiye musu ƙwarya ɗaya a bakin gona. Suka huɗe wuri kamar faɗin tabarma uku, suka shuka, suka rufe. Ko gumi ba su yi ba. Rana ba ta gama fitowa ba suka tsaya cirko-cirko da garemani a hannu, ganye dami-dami a jibge ba inda za a sa shi.

Baba Ayuba ya waiwaya yana neman darurruka. Ya ce, “'Yata, ina sauran irin?”

“Kun ci, Baba.”

Ba wanda ya ɗaga kai. Wani ya yi tari. Sannan ɗaya daga cikinsu ya jingine garmarsa a jikin ɗorawa, ya ɗauki buta ya wanke hannu, sauran suka bi layi. Na buɗe tukunya na fara zuba musu.